Bindigar Da Aka Goge

Shekara arba'in da ɗaya Mai Keke ya yi yana gyaran kekunan ɗinki a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Duk wanda ya san shi ya san tsummansa, wani jan ƙyalle da mai ya rine ya koma baƙi, kullum a kafaɗa. Ba ya ajiye ƙarfe da datti. Ko sukudireba ya taɓa, sai ya goge ta kafin ta koma mazauninta. Matarsa takan ce da ita ma ƙarfe ce, da ta fi duk matan layin sheƙi.

Yana da bindiga mai baki biyu, da takardarta ta hukuma. Ya saye ta ne saboda birai da ke yi masa ɓarna a gona. Ranar da abin ya faru tana jingine a bayan ƙofar shago, don yana nufin wucewa gona da rana.

Wajen sha ɗaya na safe mutum biyu suka tsaya da babur a ƙofar kemis ɗin tsallaken titi, suka fara harbi. Mata uku na kan benci suna jiran magani. Mai Keke ya ga mai kemis ya faɗi. Bai tuna lokacin da ya miƙe ba. Ya dai tuna nauyin bindiga a kafaɗa, da ƙara, da faɗuwar ɗaya daga cikin maharan, da gudun ɗayan. Da hayaniya ta lafa, sai aka ga Mai Faci, abokin tsokanarsa na shekara ashirin, kwance a gefen kemis kusa da injinsa na hura taya, jini na zuba daga ƙugunsa.

Kusan awa guda aka yi kafin 'yan sanda su iso. Mai Keke ya koma shago ya zauna, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Sai suka yi abin da suka saba. Suka buɗe bindigar, suka ɗauko tsumma da waya da kwalbar mai, suka goge bakin dama, suka goge na hagu. Ya share ƙasa, ya zuba sharar a kwata, har da abin da ya cire daga cikin bindigar.

Sufeto ya ɗaga bindigar ya leƙa cikinta. "Baba, wa ya ce ka goge?"

"Ranka ya daɗe, ai an yi aiki da ita."

Sufeton ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya rufe shago ya biyo shi.

Ba a tuhume shi kan maharin da ya mutu ba. Doka ta yarda mutum ya tsaya wa ran wani idan babu wata hanya. Ƙugun Mai Faci ne maganar. Maharan ma bindigar farauta suka zo da ita, ƙwayoyin dalmar da likita ya ciro iri ɗaya ne da na Mai Keke. Shi ya ce sau ɗaya ya harba. Shaidu biyu suka ce sau biyu, kuma na biyun ne ya kauce. Da an bar bindigar yadda take, da baki ɗaya mai hayaƙi da ɗaya mai tsabta sun yi magana a madadinsa. Ya goge shaidarsa da hannunsa. Idan kotu ta kama shi da laifi, gidan yari ne, ga shi yana da shekara sittin da bakwai.

Wata goma sha huɗu yana hawa matattakalar kotu. A ɗaga, ya dawo, a sake ɗagawa. Gwiwoyinsa suka haddace adadin matakan. A layi kuwa mutane suka rabu biyu. Wasu teloli suka riƙa kawo kekunan da lafiyarsu lau, don kawai su gaisa da jarumi. Wasu suka canza hanya, suna cewa wa ya naɗa shi ɗan sanda. Duka biyun gajiyar da shi suke yi. Babu wanda ya tambaye shi ko yana iya cin abinci.

Ana jibi zai ba da shaida, lauyansa ya zo shago tare da babbar 'yar Mai Keke.

"Baba, magana ɗaya ce," in ji lauyan. "Za a tambaye ka ko ka tabbata ba harsashinka ne ya sami Mai Faci ba. Ka ce ka tabbata."

"Ni ban taɓa cewa keke ya gyaru ba sai na ɗinka ƙyalle da shi na gani."

"Baba, don Allah!" 'Yar ta fashe da kuka. "Wannan ba keke ba ne. Mama fa? Wa za ka bar wa ita?"

Ya murza tsumman. A watannin farko zai iya rantsewa sau ɗaya ya harba. Yanzu ya juya safiyar nan a kansa har ta siɗe kamar tsohon ƙarfe, wani lokaci ƙara ɗaya yake ji, wani lokaci biyu.

Ranar shaida Mai Faci ya shigo da sanda. Aka tambaye shi wa ya harbe shi.

"Ranka ya daɗe, baya na juya ina gudu. Ƙuguna ba shi da ido." Ya waiwaya ya dubi akwatin wanda ake tuhuma. "Amma da tsohon nan bai fito ba, da matan nan uku ba su koma gida ba."

Aka zo kan Mai Keke. Lauyan gwamnati ya yi tambayar. Mai Keke ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba," ya ce. "Ina fata ba nawa ba ne."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce babu hujjar da ta ɗora raunin a kansa, don haka ya sallame shi daga wannan. Amma taɓa shaida laifi ne ko da babu mugun nufi. Ya ƙwace bindigar, ya soke takardar, ya ba shi ɗaurin talala na shekara biyu.

Birai suka gaje gonar. Bai damu ba.

Mai Faci ba ya iya tsugunawa yanzu, kuma faci aikin tsugune ne. Mai Keke ya ɗauko ƙafafun wani mataccen keken ɗinki, ya ɗora katako, ya yi masa teburin aiki daidai tsayin cibiya. Kullum da safe shi yake tsallaka titi ya jawo masa injin waje.

"Tsoho, a hankali, kada ka harbe min taya," in ji Mai Faci.

Mai Keke ba ya dariya, ba ya kuma jin haushi. Yakan zare tsumman daga kafaɗa ya goge injin, ciki da waje, har inda babu datti, sannan ya tsaya ya duba dama da hagu ya daɗe kafin ya tsallaka.