Ranar da Muryar Malama Ta Fito Waje

Dikko Ɗanmaliki ya shekara goma sha ɗaya yana kafa lasifika a Kankia da ƙauyukan Kusada. Shagonsa yana bakin titin Kano, kusa da inda motocin haya ke tsayawa. A cikin masu wannan sana'a shi kaɗai ke aiki da manhajar Linux, a wata tsohuwar kwamfuta, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka. Inda wasu ke zuwa da inji biyu, shi da kwamfuta ɗaya yake raba sauti: maganar maza ta tafi lasifikar waje, ta mata ta tsaya cikin gida. Wannan ya sa makarantun matan aure suka riƙe shi.

Bara aka kira shi Dudunni, walimar saukar mata goma sha huɗu. Maza na kan tabarmi a ƙofar gida, mata na tsakar gida tare da shugabar makarantar, Malama Ummusalma. Dikko ya haɗa komai, ya gwada, ya yi daidai. Ana gama addu'ar maza janareto ya mutu, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe ba ya riƙe wuta. Da aka tada janareto ya kunna ta, ya ga alamar sauti na motsi, bai sake gwadawa ba.

A lokacin ne Malama ta shiga bayanin haila da wankan tsarki, ɓaro-ɓaro, yadda mata ke yi a tsakaninsu. Da ba ta ji kanta a lasifikar ciki ba, sai ta ƙara ɗaga murya. Muryar kuwa tana fita tangaran daga lasifikar waje da ke ɗaure a darbejiya. Dattawa suka sunkuyar da kai. Dikko yana sanye da abin ji a kunne, idonsa na kan allo, har sai da Alhaji Manu, mijin Malama, ya zo ya fizge shi.

"Kai Dikko, iyalina ka sa ma gari?"

Ya zare wayar lasifikar. Muryar ta yi minti huɗu tana fita.

Kwana uku bai buɗe shago ba, yana ciki yana bincike. Ya so laifin ya zama na kwamfuta. Ya fara zargin tsarin sauti biyu da ke cikinta, na yau da kullum da mai raba layuka, domin sukan yi karo a kan na'ura ɗaya. Ya kashe wannan, ya kunna wancan, bai ga komai ba. Daga baya ya gano. Akwatuna biyu da ke kai sauti ga lasifikokin, da lamba ya ajiye su, sifiri da ɗaya, ba da suna ba. Wanda kwamfuta ta fara gani in ta tashi, shi ke karɓar sifiri. Ya taɓa karanta gargaɗi a kan haka, ya wuce.

Ya ɗauki matarsa Rahma suka koma Dudunni. Ita ta shiga ciki, shi ya durƙusa a zaure yana bayanin lambobi.

"Ni ban san sifiri da ɗaya ba, Malam Dikko," in ji Malama daga bayan labule. "Na dai san mako guda ban iya zuwa makaranta ba."

Sai ta ci gaba.

"Na yafe. Amma in kana son aikinmu, wayar lasifikar waje a hannun mace za ta zauna. In zan yi magana, ta cire."

Ya riga ya gyara, ya sa wa kowane akwati suna, ya san ba za su sake musanya ba. Bai faɗa ba.

Tun daga ranar, duk walimar matan da ya je, Rahma na zaune bakin ƙofar tsakar gida da wayar a cinyarta. Abokan sana'a in sun gan shi shi kaɗai sukan ce, "Injiniya, yau ina oga?" Sai ya duƙa ya ci gaba da naɗe waya.