Yadda Mai Zarto Ya Yi Shiru

Mun yi aiki tare da shi a gidan yanka katako, ni ina kan injin goge allo, shi yana kan babban zarto, har sunan Mai Zarto ya bi shi gida. Mutum ne mai baki. Idan aka kashe inji lokacin cin abinci, shi ne rediyonmu: ya kwaikwayi muryar manaja, ya kwaikwayi tarin mai gadi, sai wani ya ƙware da ruwa don dariya. Idan inji yana aiki kuwa, ba mai jin wani, bakin juna muke kallo. Da haka duk muka iya karanta leɓe, ba don mun nema ba.

An taɓa raba mana abin toshe kunne. Ya ɗan sa, ya cire, ya ce shi da kunne yake sanin zarto ya dakushe, ko akwai ƙusa a ɓoye cikin itace. Gaskiya ya faɗa, don har ya bar aiki yatsunsa cif suke. Abin da zarton ya karɓa a wurinsa, a hankali ya karɓa.

Kunnen dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi sawu. An saya masa na'urar ji, ya ce ƙarar ruwan sama kawai take kawo masa, ya ajiye ta a bakin taga. Ma'aikaciyar asibiti ta ja matarsa gefe ta ce, "Mama, ba jin mutane kaɗai zai rasa ba. Duk mai magana yana sauraron kansa ne, kunne yana gyara wa harshe hanya. In kunnen ya daina, harshen zai riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan, shi kuma ba zai sani ba. Sai an riƙa gaya masa."

Matar ta mai da wannan aikinta. In baƙi sun zo, ta zauna kusa da shi, hannunta a kan wuyan hannunsa. Ya ɗaga murya, ta matsa. Ya haɗiye ƙarshen kalma, ta ƙwanƙwasa masa da yatsa, ya koma ya sake. Shi kuma ya ɗora ɗaya hannun a maƙogwaro, yana jin rawar muryarsa da tafinsa.

"Ga birkina nan," yakan ce mana.

Ita kuma ta juyo da fuska yadda zai ga bakinta. "Motar ce ta tsufa, Malam, birki me ya yi?"

Da haka maganarsa ta tsaya da ƙafarta shekaru. Ta ɗan yi nauyi, amma ana ganewa, ana kuma dariya.

Ciwon da ya zo mata bai ba ta lokaci ba. Bayan rasuwarta, babban ɗansu, direban babbar mota, ya ɗauke shi ya koma da shi gidansa, ya ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa. Ɗa ne mai biyayya, ba wanda zai ce ba haka ba. Matarsa ma haka: in ta kawo wa surukinta abinci, kanta a sunkuye take gaishe shi. Ladabi ne. Sai dai mutumin da ke ji da ido ba ya jin wanda ya sunkuya. Kuma a gidan babu mai bakin da zai ce wa uba ya sake faɗa.

Gwiwata ta hana ni fita na wani lokaci mai tsawo. Ranar da na je, tun daga ƙofar gida na jiyo shi. Muryar tana da ƙarfi, amma ta miƙe sambal, ba hawa ba sauka, kalmomin sun narke cikin juna kamar ana magana da ruwa a baki. Da kunne ban tsinci komai ba. Sai da na zauna gabansa na dubi leɓunansa, domin su ba su gama mantawa ba.

Ɗan ya shigo da kofin shayi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Mai Zarto ya ce masa rufin ɗakin yana yoyo daidai kan gado, kuma ba yau ya fara faɗa ba.

"To, Baba. In Allah ya yarda."

 Mutumina ya dube ni, ya dubi bakin ɗansa. Sai ya ɗora hannu a maƙogwaro, ya gyara zama irin na dā in zai saki wata ta ban dariya, ya ce a hankali, "Kai direba, jiya na ga jaki yana tuƙa motarka, kuma ya fi ka iya kwana."

Ya jira. Na san abin da yake jira.

"Haka ne, Baba," in ji ɗan. "Allah ya ƙara lafiya."

Daga bakin ƙofa matar ɗan ta amsa, "Amin."

Da suka fita, ya sauke hannunsa. Bai sa murya ba, leɓe kawai ya motsa. "Tun yaushe?"

Na ce ban sani ba, na daɗe ban zo ba.

"Kai ma da ido ka ji ni?"

Na ce e. Tsakanina da shi ba a taɓa ɓoye gaskiya ba.

Ya ɗauki shayin ya riƙe, bai sha ba. Can ya ce, "Ashe ni kaɗai nake ta hira."

A waje na tsayar da ɗan na gaya masa abin da ubansa ya faɗa, na yoyon da na jakin. Idonsa ya kawo ruwa. "Baffa, ta ina zan fara ce wa mahaifina ban gane maganarsa ba? Wallahi bakina ba zai iya ba."

Na ce masa ya gwada, ya kuma ɗaga kai in yana yi.

Ya gwada. Washegari ya zauna gaban tsohon, ya dube shi ido da ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baba, yi min magana. In ban gane ba, zan ce ka sake." Mai Zarto ya daɗe yana kallon bakinsa. Sannan ya dafa masa kafaɗa, ya nuna rufi da yatsa.

Tun daga nan da hannu yake neman ruwa, da hannu yake amsa gaisuwa. Maƙwabtan da suka saba jiyo shi ta katanga suna cewa tsohon ya samu natsuwa.