Ruwan da Aka Zuba wa Taya

Kawuna ya yi rayuwarsa yana jan tirela, kuma bai taɓa tsayawa a hanya bai zagaya motar ba. Yakan ɗora bayan hannunsa a cibiyar kowace taya, inda boris, zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya, yake juyawa cikin giris. Ba zafin kaɗai yake nema ba, domin a Maiduguri har ƙarfen da ke inuwa zafi gare shi. Bambanci yake nema. Idan ɗaya ta fi 'yan'uwanta, akwai magana.

Ana saura kwana shida Babbar Sallah na bi shi, zai sauke ni a Kano. Raguna ya ɗauko zuwa Legas, na Alhajin da yake yi wa tuƙi, kuma Alhajin na biye da mu a ƙaramar mota. A Njimtilo, ko garin ba mu gama fita ba, Kawu ya tsaya ya yi zagayensa. A tayar baya ta hagu ya fizge hannu.

"Alhaji, boris ɗin nan yana ci. Sai an kwance."

"Kwancewa? Ragunan fa, a ranar nan? Kai likita ne ko direba?"

"Taɓa ka ji."

Alhaji bai taɓa ba. Jarkar ruwa ya ɗauko ya tuttula wa cibiyar, ta yi cuu, tururi ya tashi. Sannan ya dafa ta da tafin hannu, ya waiwayi mutanen da suka taru.

"Jama'a, ina zafin? Tsufa ne kawai, Baba. Tsoro ya kama ka."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ruwa bai mayar da giris ɗin da ya ƙone ba, shaidar kawai ya wanke. Kawu ya miƙa wa Alhaji makullin motar, muka hau Keke Napep muka koma gida unguwar Mairi. Wani direban ya ja motar.

Ga abin da har yau yake ci mini rai: lafiya lau suka isa Legas. Ba na fatan tayar ta fita, akwai rayuka a hanyar. Amma isarsu ta zama hukunci a kan Kawu. A tasha aka laƙaba masa suna Likitan Taya, masu motoci suka daina kiransa.

Bayan Sallah, bakaniken da ya kwance tayar ya kawo masa boris ɗin har gida, a ƙunshe cikin tsumma. Ƙarfen ya yi shuɗi saboda ƙuna, 'ya'yansa biyu sun farfashe.

Na ce, "Kawu, tashi mu kai tasha su gani."

Ya juya shi a hannu, ya ce, "Ai ya huce, ɗana. Za su taɓa su ce ina zafin."