Bakin da Ya Rufe Bakin Kaka

Kaka Habsu, uwar babana, ita ce mai gatana a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Matankari. Gatana muke ce wa tatsuniya. Ni ne kuma na sa ta daina, shi ya sa har yau ba na iya tuna zaman nan da daɗi zalla.

Idan an gama girbi, gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara, sai ta sa a tara kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa da gujiyarsa a cikin toka. Ni take fara tsokana, don ni ne "maigidanta": wai mijin da ko goro bai taɓa saya mata ba, amma ya fi kowa matsowa kusa da wuta. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma in ta kwaikwayi kura sai ƙannena su manne a jikina. Kowace gatana kuma da magana ɗaya take rufe ta: "To, ƙaryata ta ƙare, kowa shi tai shi kwanta."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta doguwa, iskar da ke zaune cikin tsamiya. Wata shekara ta yi fushi ta riƙe ruwan rijiyar gari. Sarkin noma ya je ya ce ta dubi girmansa, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Ta yi shiru. Wata mai jego ta je da jariri, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shiru. Wani tsoho ya je da hujja: in gari ya watse, wa zai riƙa zuba mata nono a gindin itacen? Nan ma shiru. Sai dila ya zo da rawanin aro. Ya ce kakansa aminin kakarta ne, ya share hawayen da babu su, sannan ya kawo hujjar tsohon nan kamar shi ya haife ta. Doguwa ta saki ruwa, amma yadda dila ya roƙa: ta ƙarƙashin ƙasa ya bi, ya ɓullo a gonarsa. Gari ya ci gaba da ƙishi.

Mukan yi ta gardama wai ba a nan ya kamata ta ƙare ba. Sai Kaka ta ce, "Nan ta ƙare. Ukun nan gaskiya sun ka hwaɗi, guda-guda. Shi ko ya game su duka, babu gaskiya ko guda. Ku ji tsoron baki, shi ka yanka wuya."

Da na tafi kwalej a Dogon Dutsi, malaminmu na Ingilishi ya koya mana hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro: ka sa ya yarda da mutuncinka, ka taɓa zuciyarsa, ka ɗaure shi da hujja. Na iya abin nan kamar da shi aka haife ni, kaina kuwa ya kumbura. A lokacin ina bin wasu samari 'yan kasuwa zuwa wa'azi. In faɗi gaskiya, malamin da muke saurare bai taɓa ambaton gatana ba ko sau ɗaya.

Wani hutun sanyi biyu daga cikin abokan nan suka rako ni gida. Kaka ta kira ni maigidanta a gabansu, ta yi gatanarta mai doguwa. Na ga ɗayansu ya yi murmushi ya dubi ɗan'uwansa. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina, sai na miƙe. Na fara da cewa ni kaɗai na yi karatu a gidan, na kuma zauna gaban malamai. Na ce ina tsoron ranar da zan ga wadda ta goya ni a cikin wuta, har hawaye suka zo mini. Sannan na kawo ta ƙarshe: "Kaka, ke da bakinki kullum kina cewa ƙarya ta. To ina makomar maƙaryaci?"

Baba ya sunkuyar da kai. Na zaci za ta mayar mini da baƙar magana a yi dariya, yadda ta saba. Sai kawai ta ce, "Haka na. Ni ka hwaɗi da bakina." Ta shiga ɗaki. Daga ranar, ko jikoki sun roƙe ta, sai ta ce su je wurin maigidanta ya yi musu karatu.

Yanzu ni ke koyar da Ingilishi a wata lise, wato babbar sakandare. Kowace shekara ina rubuta hanyoyin nan uku a allo, da kamance, da habaici, da faɗin abu ana nufin kishiyarsa. Ina bayyana wa ɗalibai cewa mai labarin da ya ce "ƙarya na yi muku" bai yaudari kowa ba, shi ma ya fi kowa gaskiya. Abin da ke damuna shi ne na san haka tun a ranar. Ban yarda da kalma ɗaya cikin abin da na faɗa ba. So nake kawai baƙina su ga na iya magana, kuma sun gani.

Na yi ta ɗaga zuwa neman gafararta har ciwon ajalinta ya kwantar da ita. Na je da kalmomina a shirye. Kafin in buɗe baki ta kamo hannuna ta ce, "Maigida, Allah shi yi ma albarka. Shekara da shekaru ina neman gahwara bisa ƙaryar da na tara. Ba don kai ba, da na tai da ita kushewa."

Da na so, da na shawo kanta a karo na biyu, don har yanzu na iya. Amma tana kwance hankalinta a kwance, kuma abin da ya kwantar mata da shi ƙaryata ce. Na ce amin.