Wanda Ke Bayanka

Bangon da ya raba shagon Tela da tsakar gidan Saje bulo ɗaya ne, bulon ma an yi masa rowar siminti. Da hantsin nan ko bai tsayar da keken ɗinki ba zai ji komai, amma ya tsayar, don ba ya son labari da giɓi.

Muryar matar Saje ce a sama. Tana cewa shi ya cika wa Auta kunne da zancen jirgi da laima tun yana rarrafe, yanzu an ɗauke shi sojan laima, masu dirowa daga jirgi, gobe zai tafi sansanin horo, uban kuma ya kumbura kamar an cinye masa gado. Saje ya ce shi bai hana kowa tafiya ba. Ta ce bai hana ba, amma bai sa albarka ba, kwana nawa ko gaisuwar ɗan ba ya amsawa.

"Kai ka shuka, ya tsiro, sannan ka ce ba gonarka ba ce?"

Aka bugo ƙofa. Saje ya fito yana jan ƙafar hagu, ya zauna a bencinsa na bakin shago, inda ya shekara da shekaru yana gyaran jakunkuna tun da ya tuɓe kaki. Ya ɗauki basilla ya soka wa wata jaka kamar ita ta yi masa laifi.

Duk layin an san shi da hali ɗaya. Ba ka wuce shi da kaya a baya ya ƙyale ka. Ɗan dako ne, mai kai wasiƙa ne, sai ka ji an jawo ka ta baya, an ɗaure maka maratayi, an daidaita, an ɗaka maka duka a kafaɗa. Baƙi kan fusata, 'yan layi kuwa da kansu suke juya masa baya.

Tela ya san asalin halin, don Saje ma sojan laima ne a da, kuma babu kusurwar sansanin nan da bai zaga ba a bakinsa. Ya san ranar farko da ake yi wa kurata aski ƙwal, har ɗan mai kuɗi da ɗan mai itace su zama kamar ƙwai a kwando ɗaya. Ya san gudun asuba da jakar yashi a baya, da sabon takalmi mai cin dunduniya. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne, wai kafin a nuna maka jirgi sai an koya maka faɗuwa. Ƙato da gemunsa ya wuni yana dirowa daga kan dakali cikin ramin yashi: ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, haɓa a ƙirji, ka bar gefen jikinka ya sha ƙasa a hankali. Kofur mai horon yakan ce ƙasa ba budurwa ba ce, kada wanda ya miƙa mata ƙafa don zumuɗi, ita za ta zo da kanta. Daga nan a rataye ka a ɗamara jikin rufi kamar naman mahauci, sai cinyoyinka sun mutu. Daga nan dira daga kan hasumiya, inda masu cika baki ke fara kiran sunan iyayensu mata.

In Saje na ba da labarin nan, fuskarsa kan yi haske, har ya manta da ƙugun da ya goce masa. Shi ya sa Tela bai yarda da fassarar da ya taɓa ji a bakin matar ba, cewa girman kai ne, wai yana tsoron Auta ya kasa ya kunyata shi. Tela ya fi zargin hassada. Tsoho ya ga za a ba wani samaniyar da aka ƙwace masa, ko da ɗan cikinsa ne. Mutum kan yi kishin ɗansa ya sa wa abin suna tarbiyya.

Tela ya zuba shayi ya miƙa wa Saje, ya ce, "Ranka ya daɗe, kishi kake, ko tsoro?"

Saje ya ce masu ɗinka wando ba su san sama ba. Ya kurɓi shayin. Can kuma, ba tare da an tambaye shi ba, ya ɗauko labarin Minshari, wanda Tela bai taɓa ji ba.

Ya ce a cikin jirgi, in an miƙe an jeru, kowa ya maƙala igiyar da za ta buɗe masa laima a wayar da ke sama, akwai abin da ba ka iya yi wa kanka. Laimarka a bayanka take, ba ka ganinta. Wanda ke bayanka shi zai bi ta da hannu, ya duba, ya buga maka kafaɗa, kai ma ka yi wa na gabanka, sannan a bakin ƙofar jirgin a ce maka, "Fita." Wanda kuwa aka jera a bayan Saje wani dogo ne mai minshari kamar injin niƙa, ɓarawon sabulu, wanda suka taɓa dambe har aka sa su tsallen kwaɗo a rana. Ba sa ga maciji. Ranar dirarsu ta farko, igiyar Saje ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa bai sani ba. Da ya fita a haka, da hannun ya tafi. Minshari ya zare ta, ya gyara, ya buga masa kafaɗa. Da yamma kuma ya sake sace masa sabulu.

Saje ya yi dariya har ya share ido. Sannan ya ce, "Tun da aka haifi yaron nan ni ke bayansa. Gobe wa za a sa? Ban san shi ba, ban san uban da ya haife shi ba."

Tela ya ce ai shi ma uban Saje bai san Minshari ba. Saje ya harare shi, ya ce shayin ya yi sanyi. Tela dai bai janye zarginsa duka ba. Ya lura da yadda hannun tsohon ya tashi sama yana laluben wayar da babu ita. Tsoro na nan, kishi na nan, sun kwana ɗaki ɗaya har sun saba.

Washegari da safe Tela ya buɗe shago da wuri, ya yi ta sharar dakalin da ba shi da datti. Auta ya fito da jaka a baya, dogo kamar uban a hoton da ke rataye a falo. Uwar na biye, ido ya kumbura. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, zan tafi." Saje na kan bencinsa, ya ci gaba da soka basilla. Auta ya jira har gwiwarsa ta gaji, ya miƙe, ya juya.

Juyawar nan ce ta ci Saje. Bai taɓa iya ganin baya da kaya ya ƙyale ba. Ya taso da ɗingishinsa, ya cafko jakar, ya bi ta da hannu daga sama har ƙasa. Ya ja maratayin dama, ya sassauta na hagu, ya tura wani bakin igiya da ya leƙo. Ya daɗe fiye da yadda jakar ke bukata. Sannan ya ɗaka masa duka a kafaɗa, wanda har Tela ya ji a tasa.

"Wanda ke bayanka, ko sabulunka ya sace, kada ka yi gaba da shi," in ji Saje. "Na gabanka kuma, ka duba shi kamar ni na haife shi. Allah ya yi maka albarka. Fita."