Shanun da Ba Mu Yi Wa Shaida Ba

Har yau in na ji ana yabon kara a gabana, raina ɓaci yake yi. Na san hali ne mai kyau, da shi aka raine mu, amma ni na ga yadda kara ta cire yaro daga makaranta, kuma ina zaune a wurin aka yi.

Shekarar da malamai suka shiga dogon yajin aiki, mu uku muka dawo Bagudo muka rasa abin yi. Ni ne, da taubashiyata 'yar kawuna, da wani abokinmu Bafillace wanda rugarsu ke bayan Kurgu. Duk ilimin kwamfuta muke karantawa, aji ɗaya. Taubashiyar tawa ce ke da kwamfuta, wata tsohuwa mai ɗaukar zafi kamar murfin tukunya, kuma ita ce ta fi mu kai, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba don kada ta samu abin yi mini gori. Abokin namu gwanin zane ne. Ni kuwa ina ɗan taɓa komai, amma a baki na fi ƙarfi.

Zaman abokin namu bai zama irin namu ba. Mahaifinsa bai taɓa sakin jiki da boko ba, da ƙyar ma ya bar shi ya tafi tun farko. Da yajin ya yi tsawo sai tsohon ya faɗa masa a fili cewa ko an buɗe makaranta ba zai koma ba, sai ya ga abin da karatun ya haifa. Ba takarda yake nufi ba, abu yake so ya gani da idonsa. Wannan ne ya sa muka ce mu yi gem irin na waya, mu kai masa ya gani. Babu wanda ya taɓa yin gem a cikinmu.

A zauren kawuna muka kafa sansani, don a nan ne ake da sola. Gem ɗin ba shi da wuyar fahimta: ka kora shanu daga ruga zuwa bakin gulbi, ta cikin burtali, gonar gero a dama, ta shinkafa a hagu. In saniya ta kauce ta kai baki gona, manomi zai fito da fartanya a guje, shi ke nan ka faɗi. Ni ɗan manomi ne, don haka da aka ba ni aikin manomin sai na sa masa gudun da babu mai tsere masa.

"Kai, wanga manomi naka aljani na?" in ji abokin namu. "Ko babur bai wagga tahiya."

Na ce, "Haka muke in mun ga shanunku."

Taubashiyata ta rage gudun ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce ai a gidanmu ba ta taɓa ganin mai gudu haka ba sai in an sauke tuwo.

Mun sha wuya. Akwai lokacin da shanun suka riƙa ratsa kogi kamar kan tabarma suke tafiya, akwai lokacin da duk suka taru a kusurwa ɗaya suka ƙi motsi, muka yi kwanaki muna neman dalili, ashe alama ɗaya ce na manta ban rufe ba. Wayoyinmu kuma da an ɗan matsa yamma sai su kama layin Benin, mu rasa yadda za mu duba abin da ya shige mana duhu. Amma abu ya riƙa haɗuwa a hankali. Shanun da ya zana ba na ƙirƙira ba ne, na garken mahaifinsa ne, kowace da launinta. Wadda ke gaba fara ce mai karyayyen ƙahon hagu, ita ce ke jan garken nasu a zahiri. Muryar da ke kiran shanu a ciki ma tasa ce, da hantsi muka je ruga muka ɗauka, yana yi yana rufe fuska don kunya.

Da muka zo ƙarshe saura shafin farko, wanda ke fitowa in an buɗe gem. Na ce a rubuta sunayenmu, mu uku, manya-manya. Wallahi na faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Taubashiyata ta ce to, amma sunan mai zane za a fara sawa, tunda don shi aka yi. Shi kuma ya ce sam, kwamfutarta ce, aikinta ya fi yawa, ita ce gaba. Ta ce ita ba za ta shiga gaban maza biyu ba, a je a ce ta cika rawar kai. Na ce to ku sa nawa a gaba, ni ba na jin komai. Suka kwashe da dariya, ta ce da ma ta san za a rina, son a sani zai kashe ni. Daga nan ya faɗi abin da ke ransa: in aka sa sunansa dole a haɗa da na mahaifinsa, shi kuwa ba zai iya ganin sunan Baffa yana yawo a hannun yara ba, kowa na kira gatsau. Filako, kunyar nan ta Fulani, ya hana. Tunda ya cire nasa, ita ma ta ce ba za ta sa nata ta bar shi ba. Ni kaɗai na rage, kuma in na sa nawa ni kaɗai na zama ɓarawon aikin mutane. Haka muka bar shafin, saniya mai karyayyen ƙaho tsaye a bakin burtali, babu ko harafi ɗaya a ƙarƙashinta.

Lokacin mahaifinsa ya yi nisa da garke, ba zai dawo ba sai an kawar da amfanin gona. Muka ce kafin nan mu gwada gem ɗin a ƙananan wayoyi irin na mutane, mu ga ko zai tashi. Akwai wani mai caji a kasuwar bakin iyaka, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori. Muka ba shi, muka ce ya sa wa mutum kaɗan su gwada. Ya ce an gama. A wajenmu kuwa abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga duka, mun san haka sarai, ɗoki ne ya rufe mana ido.

An fara yankan shinkafa na ji muryar abokina a tasha, tana fitowa daga wayar wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur. Daɗi ya kama ni. Na matsa na ce ya ba ni in gani. Kafin ya miƙo mini manomina ya kama shi, gem ya koma farko, sai ga hoton wani saurayi da baƙin gilashi, ya harɗe hannuwa a ƙirji, an manna shi a kan saniyarmu. A ƙasa ga suna da rubutun Faransanci.

"Wane na wanga?" na tambaya.

"Shi ya yi shi. Wani yaro na can ƙetare, mai gyaran waya. Ka ga kai!"

Na kai wa taubashiyata labari a guje. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, ba mu kulle komai ba, duk wanda ya ɗan iya zai buɗe ya canza hoto. Wuri muka bar masa a share, shi kuwa ya shigo ya zauna. Ban taɓa ganin saurayin nan ido da ido ba, amma na tsane shi, kuma har yau ban huce ba.

Duk da haka muka ɗauki kwamfuta muka tafi ruga bayan tsohon ya dawo. Muka same shi a kan buzu a gindin bishiya. Bayan gaisuwa taubashiyata ta buɗe, abokinmu ya durƙusa a gefe yana kora shanun da yatsa. Tsohon ya kalla har suka isa gulbi.

"Na gane ta," in ji shi. "Tun kasuwar shanu nig gane ta, cikin wayar wani yaro. Nic ce mai wagga saniya tawa ta. Yac ce ɗan garinsu ya yi ta, har ya gwada min hotonai."

"Ni niy yi ta, Baffa. Mu munka yi."

"Na sani. Babu mai sanin ƙahon ga in ba ɗan gidan ga ba."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka mun tsira. Sai ya juya ya dubi ɗansa.

"To ina shaidarka? Maraƙi in an haihe shi, kunne muka tsaga mai tun bai san kainai ba. Kai ka saki dabba ba shaida, ta ƙetare iyaka, wani ya ɗora tashi. Har da muryarka ya tahi. In wanga na ilimin, ban ga abin da za ka koma nema ba."

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Baffa, ai filakon da kunka koya mai shi ya hana shi sa suna. Sunanku ya ji wa kunya."

Abokina ya danne mini ƙafa da gwiwarsa. Tsohon bai ko ɗaga murya ba, ya ce ya koya masa jin kunyar mutane, bai koya masa sakaci da abin hannunsa ba. Ya sa aka kawo mana nono da fura. Na jira abokina ya yi magana, ya roƙa, ya ce a ba shi dama ya sake wani. Sai ya sunkuyar da kai ƙasa, don ɗa ba ya ja da uba. Na ji haushin tsohon, na ji haushin ɗan. Taubashiyata ta yi kuka a hanya, ni ko lallashinta ban yi ba.

Da aka janye yajin, mu biyu muka shiga motar komawa makaranta. Abokinmu bai zo rakiya ba, ya aiko a ce mana garke ya tashi da sassafe. Mun ɗan yi nisa sai wani dattijo da ke kujerar gaba ya ciro waya, muryar abokina ta cika motar tana kiran shanu. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ku dibi aikin yaran ƙetare. Mu namu suna nan, sai yawo da jaka, ba su iya komi ba."

Na ce, "Baba, mu munka yi shi. Ni da wagga, da wani abokinmu."

Ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da gem ɗin farko, ya ɗaga wayar kowa ya ga mai baƙin gilashi. Motar ta ɗauki dariya har da direba. Taubashiyata ta juya fuskarta wajen taga, dattijon kuma ya ci gaba da kora shanun, ya ƙara murya.