Wake da gyaɗa a kan tire

Maigidana shekara goma sha tara yana tuƙa taksi a unguwar Bronx, nan ƙasar Turawa. Ni kuwa ban cika fita ba, daga kicin sai tagar da ke kallon titi. Ranar hutunsa, bayan la'asar, sai ya ɗauko babban tirena ya ce, "Hajiya, ara mini wake."

Yaƙi zai shirya. Wani tsohon yaƙi ne tsakanin Rumawa da mutanen Kartaj, ya gani a talabijin ya shiga ransa. Wake su ne Rumawa, don sun fi yawa. Gyaɗa mutanen Kartaj, dabino dawakai. Yana jerawa yana bayani, ni ina yanka albasa ina cewa "to, to".

"Malam, waken nan na alale ne fa."

"Ki bari su mutu tukuna, sai ki jiƙa su."

Karatuna bai wuce allo ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Na ji shi sau ba adadi: masu raunin Kartaj a tsakiya, su yi ta ja da baya a hankali, Rumawa su kutsa suna murna. Sai ƙarfafan gefe biyu su matso, dawakai su rufe baya.

Shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. 'Yarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo da takardun gidan kula da marasa lafiya. Na ce mata yana gane komai. Ta amsa da Turanci, kamar kullum, sannan ta daure ta ce da Hausa, "Mama, ba ya nan. Ke ma bayanki ya gaji." Ta ce in har ya nuna alama ɗaya, za ta bar mini shi.

Ranar Laraba tana wurin aiki, na ɗora masa tire a cinya. Na jera wake. Na zaɓo manyan gyaɗa na tara su a tsakiya, na watsa ƙanana a gefe. Ba da gangan ba ne, wallahi. Kunnena ya riƙe zancen, amma hannuna bai taɓa yi ba, kuma duk mai girki tsakiya take kai mai kyau.

Ya daɗe yana kallo. Sai hannunsa na hagu ya taso. Ya ture manyan zuwa gefe, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa yatsa a tsakiya ya ja layin baya, har ya lanƙwashe kamar bakin ƙwarya. Ya ɗago ya harare ni, irin hararar da yake yi in na cika gishiri.

Na ce, "Yi haƙuri, Malam," ina dariya ina hawaye. Ban tuna da waya ba sam, balle in ɗauki hoto.

Da 'yarmu ta dawo na sake jerawa a gabanta. Na jera daidai, na jera ba daidai ba, na sa dabino a tsakiya. Idonsa na kan bango. Kwana uku muna gwadawa.

Ranar Litinin ma'aikatan gidan suka zo da keken marasa lafiya, suka tafi da shi. Na tattara waken na zuba a kwalba. Har yau ban jiƙa shi ba.